Accar Malam Gufta

Tun da na dawo daga Ikko ban samu na ɗinka wando ɗaya cikin natsuwa ba. Da na ɗora ƙafa a kan keke sai wani ya leƙo rumfa: "Mamman Tela, wai gaskiya na kun yi ta yawon gidajen abincin Indiyawa? Kai da ko tuwon maƙwabta ba ka ci?" In soma ba da labari, kafin in kai Jega wani ya shigo ya ce a koma farko. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, mai so ya karanta, ni kuma in sallami masu jiran ɗinki.

Wanda bai san Malam Gufta ba baƙo ne a Bodinga. Ba'indiye ne, malamin lissafi a makarantar da ke bayan gari, shekara goma sha ɗaya gidansa na kallon nawa, hanya ce kawai tsakaninmu. Ni ke ɗinka masa wanduna. Ba musulmi ba ne, ba ya cin nama, ko ƙwai ba ya taɓawa. Matarsa ta yi shekara huɗu tare da mu, ta koma gida jinya, can ta rasu, 'yarsu ɗaya kuma tana can wajen dangi. Shi ya ci gaba da zama shi kaɗai. Ranar da naƙudar 'yata Balkisu ta zo wa matata Hajo da gardama, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, wannan mutum ne ya fito da 'yar motarsa mai kama da kunkuru ya kai mu Sakkwato, ya kuma tsaya a bakin asibiti har ya ji kukan jaririya. Irin wannan ba a mantawa.

Sai kun san zancen acca kafin ku gane sauran. Layyar farko da ya yi a garinmu, na aika masa cinyar rago. Ya maido ta da kansa, yana ta ba da haƙuri, kunya kamar in nutse. To, maƙwabcin da ba ya cin nama, me za ka kai masa ran Sallah? Muna cikin wannan tunani na lura da wani abu. Duk maganar da ka yi wa Malam Gufta, sai ya kaɗa kai gefe da gefe ya ce, "Acca, acca." Ka gaishe shi, acca. Ka ce wandonsa sai jibi, acca. Mu nan intaya muka san ta, amma na ji mutanen gabas acca suke cewa, kuma na san ya taɓa zama Zariya. Na shiga gida na ce wa Hajo na gano bakin zaren, bawan Allah kwaɗayin acca yake, kunya ta hana shi roƙa sosai. Tun daga nan kowace Sallah sai ta sa a nemo mata acca wajen fataken Jos, ta yi fate da zogale da man shanu, a kai masa a kwano mai murfi. Shi kuwa ya cinye tas, ya maido kwano a wanke.

Bana da abubuwa suka tsuke, aka shiga layin sabulu da madara, shinkafa ta zama sai wane da wane, gwamnati ta ce ba ta iya ci gaba da riƙe malaman waje. Aka ba Malam Gufta tikitin jirgi, muka yi ban kwana, ya tafi Ikko. Na ɗauka ya daɗe da isa gida. Kwatsam abokina Ladan, mai fataucin albasa a Shagari, ya zo rumfata da 'yar takarda da wani direba ya ba shi. Malam Gufta na kwance asibiti a Ikko, zazzaɓin hanji ya kama shi a masauki yana jiran ranar jirgi, ba shi da kowa.

Ladan ya ce, "Jibi motata za ta ɗaga. In kana zuwa, ga wuri bisa buhu."

Ni da ban taɓa wuce Yawuri ba! Amma zuwa da kai ya fi saƙo. Hajo ta auna acca mudu biyu ta ƙulle a tsumma ta cusa mini a jaka.

Daga Shagari muka tashi ran Alhamis da hantsi. Duk wanda ya ce muku tafiya a kan albasa daɗi gare ta, bai yi ba. Kafin Tambuwal idona ya soma ruwa, kafin Koko rigata ta sha warin da har yau Hajo ba ta gama fitarwa ba. Ladan yana gaba kusa da direba, lokaci-lokaci ya leƙo da kai ya ce, "Mamman, kana raye?" A Kwantagora taya ta fashe, muka yi rabin yini a gindin wata ɗorawa muna cin rake da wani tsoho mai kai shanu Badun, wanda ya rantse mana cewa a Ikko akwai hanya bisa hanya. Na ce a raina tsufa ya soma taɓa shi. Allah ya yafe mini, gaskiya ya faɗa.

Gadar Jebba ita ce iyaka, ko da ba a rubuta ba. Ka haye ta, gaisuwa ta canza, tuwo ya zama na doya, miya ta koma ja wur da manja. A bakin gadar wani ɗan sanda ya hau mota yana bincike, ya zaro ƙullin Hajo, ya kwance, ya shinshina. Ya tambaya da Turanci ko yashi nake kaiwa Ikko, garin da ke bakin teku. Da ya ji daga Shagari motar ta fito sai ya kwashe da dariya, ya kira 'yan uwansa su zo su ga mutanen garin shugaban ƙasa a kan buhun albasa. Wannan ba'ar ta bi mu har Ikko. Duk inda Ladan ya faɗi garinsu sai a ce ya fito da shinkafar da suka ɓoye. Shi kuwa sai ya ɗaga rigarsa ya nuna musu cikinsa a lafe.

Ran Asabar muka sauka a zangon Agege, gidan wani fatoma Bakatsine mai saukar da fatake, mu tara a ɗaki ɗaya. Abin da ya fara gaya mini shi ne, duk abin da nake so kada in bar shi a ɗaki. Tun daga nan jakata ba ta bar kafaɗata ba.

Da na ga Malam Gufta a gado, sai da na dafa bango. Mutumin da nake yanka wa wando mai faɗin ƙugu ya koma ƙashi da fata. Ya gane ni, ya kama hannuna, hawaye na bin kuncinsa. Likitar da ke duba shi, wata Bayarabiya mai kirki, ta ja ni gefe. Da ɗan Turancina na firamare na gane abin da take nufi. Zazzaɓin ya sauka, magani ya yi aikinsa, amma kwana tara ke nan ba ya cin komai sai ruwan da ake ɗura masa. Jirginsa ran Juma'a ne. In bai ci abinci ya tsaya da ƙafarsa ba kafin Alhamis, ba za ta sa hannu a takardar tafiya ba. Tikitin kuwa in ya wuce, a wannan zamani ba wanda ya san ranar samun wani. Ta ce can gida 'yarsa ta haihu, jikan da bai taɓa gani ba, sunansa yake kira in zazzaɓi ya hau.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na zaro ƙulli na nuna masa: "Malam, ga accarka, Hajo tac ce a gaishe ka." Ya yi murmushi, ya kaɗa kai, ya ce, "Acca, acca," ya lumshe ido. Matar fatoma ta dafa mana kaɗan a ranar. Amma tukunyarta ta saba da nama, da ƙamshin ya buge shi sai ya juya fuska bango. Gaskiya na ji ciwo. Likita ta ce mu gwada abincin ƙasarsu, akwai gidajen abincin Indiyawa a gari.

Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ran Lahadi ni da Ladan muka shiga doguwar bas ɗin nan mai ruwan ɗorawa, wadda ake cusa mutane har a bakin ƙofa, muka haye gadoji uku muna tambaya. Matambayi ba ya ɓata, amma yana shan wuya. Wani ya tura mu kantin yadi, wani ya tura mu gidan siliman da ake nuna finafinan Indiya. Sai wajen azahar muka samu na farko, a unguwar manya, gida mai ƙofar gilashi da sanyi kamar randa. Mai gadi ya dubi takalmanmu, ya ji warin albasa, ya yi niyyar kora. Ladan ya gyara hula ya wuce shi kamar gidan ubansa.

A nan muka yi kuskuren farko. Na ce wa mai kawo abinci muna son abincin Indiya mafi kyau, marar nama, za mu tafi da shi. Ya rubuta, sannan ya ɗago ya ce, "Masala?" Ladan ya yi karatun littattafai a Sifawa, yana jin haka ya ɗauka mutumin tambaya yake ko akwai mas'ala. Ya buɗe hannuwa iya faɗinsu ya ce, "Ƙwarai kuwa, mas'ala babba!" Mutumin ya kaɗa kai ya tafi. Sai daga baya muka san masala kayan yaji ne a bakinsu, mu da kanmu muka ce a zuba da yawa.

Da muka buɗe kwanon a asibiti, har na gadon ƙarshe sai da ya yi atishawa. Malam Gufta ya shaƙi ƙamshin, idonsa ya cika, ya kai cokali baki, tari ya sarƙe shi. Ya ture kwanon a hankali, ya ce da 'yar Hausarsa, "Wannan abincin biki, Mamman. Ni so kiciri." Na sa ya maimaita sau uku, na rubuta a tafin hannuna. Ladan kuwa ya ce ba a zubar da abinci a wannan marra, ya zauna a barandar asibiti ya cinye, gumi na zuba, yana ta salati. Washegari a tsaye ya yi tafiyar bas.

Ran Litinin muka samu gidan abinci na biyu a Afafa, kusa da tashar jiragen ruwa. Na nuna wa manajan tafin hannuna na karanta masa. Ya dube ni, ya kira wani daga ciki ya ce in sake faɗa, su biyu suka yi ta dariya. Raina ya ɓaci, na ce abin dariya ne mutum na kwance? Da ya ji zancen marar lafiya sai ya daina. Ya ce in yi haƙuri, kiciri ba abincin sayarwa ba ne, abin da uwa ke dama wa ɗanta ne in ba shi da lafiya. Na gane. Kamar ka shiga babban otal a Kaduna ka ce a kawo maka kunun kanwa. Ya zana mana taswira a bayan takarda, ya ce mu je Ilufeju, unguwar da Indiyawa suka fi yawa, mu nemi wani ɗan wuri a bayan shagon ɗinki, wataƙila a dace.

Ni tela ne, ƙarar keke ce ta kai ni wurin kafin taswira. Tebur huɗu ne kawai, ba gilashi, ba mai gadi. Ma'aikatan masaƙa ne ke ci, da hannu, kamar mu, sai dai su a faranti ɗaya ake jera musu 'yan kwanoni shida, kowanne da loma uku a ciki. Mai wurin ya tare mu da "Sannunku da zuwa," Hausa tas ta Kanawa, ashe ya yi shekaru yana sayar da yadi a Kano. Ban san sanda na rungume shi ba.

Na faɗi abin da ya kawo mu. Ina cewa kiciri, labulen bayan ɗaki ya motsa, wata tsohuwa ta fito, 'yar ƙarama, ta yafa farin zane har ka. Uwarsa ce. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, amma ta tsare ɗanta da tambaya yana fassarawa. Kwana nawa bai ci ba? Ɗan wane yanki ne? Uwarsa na raye? Da ta ji ba shi da kowa sai mu, ta dube ni da Ladan tun daga hula har takalmi, ta sa gefen zanenta ta share ido.

Sai kuma gardama ta tashi tsakaninta da ɗan. Ya juyo ya ce mini, kiciri abu biyu ne, wani ɗan wake nasu mai saurin narkewa da shinkafa mai laushi. Waken akwai saura. Shinkafar kuwa wata biyu ke nan jirgi bai kawo ba, wadda ke kasuwa mai tauri ce, tsohuwa ta ce ba za ta ba cikin da ya kwana goma sha ɗaya a rufe ba. Na zauna a kan benci. Mun zo har bakin rijiya, ba guga.

Na sa hannu a jaka in ɗauko goro, ƙullin Hajo ya biyo hannuna, bakinsa ya kwance, acca ta zuba a kan tebur. Tsohuwa ta matso. Ta ɗiba, ta murza a yatsu, ta kai hanci, ta sa 'yar ƙwaya a baki ta tauna. Fuskarta ta washe, ta kaɗa kai gefe da gefe ta ce, "Acca! Acca!"

Na miƙe tsaye don murna. Na ce wa ɗan, "Ashe ku ma haka kuka ce mata can?"

Ya ce, "Ce wa me?"

"Acca mana. Ga ta nan, tsohuwa ta gane ta."

Ya ce, "Malam, cewa ta yi suna da wani ɗan hatsi irin wannan da suke ci ran azumi, zai yi kiciri har ya fi na shinkafa sauƙi. Acca kuwa, a bakinmu ai 'to, madalla' ke nan."

Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Shekara goma sha ɗaya suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya: gaisuwa, acca, wando sai jibi, acca. Ladan ya riƙe ciki ya sulale ƙasa, yana cewa, "Mamman, ashe mas'alata ƙarama ta!" Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har da ta cinyar rago.

Tsohuwa ba ta bi ta kanmu ba. Ta ɗauko wata 'yar tukunya da ba a dafa wa baƙi da ita, ta wanke acca sau huɗu, ta haɗa da waken da kurkum da gishiri kaɗan, ta bar shi ya narke lugub, ta ɗiga man shanu a kai. In kun gan shi ba za ku ce abin a haye gada uku ba ne, fate ne rawaya marar ado. Ta naɗe kwanon a tsumma ta miƙo mini da hannu biyu. Da ɗan ya ga ina laluben aljihu sai ya riƙe mini hannu, ya ce in na yi haka tsohuwa ba za ta sake yi masa magana ba.

La'asar sakaliya muka isa asibiti. Na buɗe murfi. Malam Gufta ya buɗe ido, ya yunƙura da kansa ya jingina da filo. Cokali na farko ya daɗe a bakinsa. Ya ci na biyu, ya ci na uku, yana ci yana kuka, ni ma na juya ina duban taga. Cokali tara na ƙirga. Likita ta zo ta tsaya a bakin gado, ta ɗaga mini babban yatsa.

Da ya huta na ce, "Malam, yau na san ma'anar acca. Don mi ba ka taɓa hwaɗa min ba?"

Ya yi 'yar dariya, irin wadda ban ji ba tun Bodinga. Ya ce, "Shekara na farko, ni ji kunya. Hajo dafa, aiko, yaya ni ce kuskure? Bayan haka, ni jira Sallah kamar yaro." Ya kama hannuna. "Kada ka faɗa Hajo, Mamman. Ita ji kunya."

Kwana uku ina zirga-zirga tsakanin Ilufeju da asibiti, har kwandastan bas ya san ni. Ran Laraba ya taka zuwa baranda. Ran Alhamis likita ta sa hannu. Ran Juma'a muka raka shi filin jirgi, sanye da wandon da na ɗinka masa bara, wanda sai da na rage masa ƙugu da allura da zare a bakin gado. Ya shiga yana dogara sanda, bai waiwayo ba sai a ƙofa, ya haɗa tafin hannuwansa ya sunkuyar da kai. Sauran accar na bar wa tsohuwa. Dawowa a motar da ba kaya muka yi, na gane ashe albasa katifa ce.

Na riƙe amanarsa mako shida, wanda duk wanda ya san bakina zai ce na yi ƙoƙari. Makon jiya wasiƙa ta zo, da hoto a ciki: Malam Gufta a kan kujera, kumatu sun soma dawowa, jariri a cinyarsa. Na kai wa Hajo tana tankaɗe a tsakar gida. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Alhamdu lillahi, acca ta yi rana." Nan bakina ya suɓuce, na kwashe labari duka na gaya mata, ina jiran ta rufe fuska.

Ko rariya ba ta ajiye ba. Ta ce, "Sai yanzu kas sani? Matatai ta hwaɗa min tun Sallah ta biyu. Munka yi dariya, nic ce ta rufa min asiri kar ta gaya mai."

Na ce, "Kin sani, kika ci gaba da wahalad da ni neman fataken Jos shekara da shekaru?"

Ta ce, "Mutum na zaune garin da ba shi da kowa, ran Sallah kwano na shiga kowane gida ban da nashi. Ai dole a samo abin da za a ce nashi na."

Na tsaya riƙe da hoton. Shi ya yi shiru don kada ta ji kunya, ita ta yi shiru don kada ya rasa kwano, ni da na gano bakin zaren ni kaɗai ne ban san komai ba.

Ta kakkaɓe hannu, ta karɓi hoton ta soke a jikin madubi. Sannan ta ce, "In ka ga Ladan, tambaye shi ko gidan waya na ɗaukar mudu guda. Layya saura wata uku, an ce saƙon Indiya na daɗewa bisa hanya."